Yadda Malami Zai Koyar da Ilimin Na'ura Ba Tare da Na'urar Ta Ƙwace Darasi Ba

A shekarar 2005 aka kafa wani shiri a Amurka ƙarƙashin jagorancin Nicholas Negroponte, wanda burinsa shi ne kowane yaro a ƙasashe masu tasowa ya mallaki kwamfutar tafi-da-gidanka mai araha. Ƙasar Peru ta rungumi shirin hannu bibbiyu, ta raba dubban ɗaruruwan kwamfutoci ga 'yan firamare. Da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya bi sawun abin a makarantun karkara 319, sakamakon da ya fitar a 2012 ya sanyaya wa mutane da yawa gwiwa, domin yaran sun iya sarrafa na'urar, amma makinsu a lissafi da harshe bai motsa ba. A 2015 kuma ƙungiyar OECD, ta haɗin kan tattalin arziki da ci gaban ƙasashe, ta fitar da rahoto mai kama da wannan, inda ta ga cewa ɗaliban da ke amfani da kwamfuta a makaranta fiye da kima sun fi rauni a karatu, alhali masu amfani da ita tsaka-tsaki sun ɗan dara waɗanda ba kasafai suke taɓa ta ba.

Na soma da waɗannan ne saboda malamin da aka kawo wa na'urori aji yakan ɗauka rabin aikinsa ya ƙare, alhali a ranar ce aikin ya fara. Abin da ke biye hanya ce ta tsara wannan aikin, ko kwamfutocin suna da yawa ko guda ɗaya ce tilo a kan teburin malami.

Fara daga manufar darasi

Kafin ka kunna komai, rubuta a jimla ɗaya abin da kake so ɗalibi ya iya yi idan minti 40 ɗin darasin suka cika. Sannan ka tambayi kanka ko na'urar za ta ƙara wani abu da allo da alli ba za su iya ba. Idan amsar a'a ce, bar ta a kashe, kuma kada ka ji cewa ka gaza.

Akwai darussan da na'ura ke yin abin a zo a gani a cikinsu. Manhajar PhET, wadda Carl Wieman ya assasa a Jami'ar Colorado a 2002, tana ba ɗalibi damar haɗa batir da waya da ƙwan fitila a kan allon kwamfuta, ya ƙara ƙwai na biyu ya ga haske ya ragu, ya haɗa wayar ba daidai ba ya ga batir ya kama da wuta, ba tare da kowa ya ƙone ba. A manhajar GeoGebra kuwa, ɗalibi na iya jan kusurwar alwatika yadda ya ga dama, siffar tana ta canjawa, amma jimillar kusurwoyin tana nan a digiri 180. Abin da malami zai shafe rabin sa'a yana zanawa yana gogewa, yaro ya gani da idonsa cikin minti 2, gani kuwa ya kori ji. Amma malamin da ya kwafe rubutun littafi ya haska shi da majigi, ya ce ɗalibai su kwafa a littattafansu, bai yi komai ba face sauya allon katako da allon lantarki.

Wani masani mai suna Ruben Puentedura ya kasa amfani da na'ura a aji gida huɗu: musanya tsohon kayan aiki da sabo, ƙara masa ɗan inganci, sauya fasalin aikin, da ƙirƙiro aikin da a da ba zai yiwu ba sam. Rabon yana da amfani wajen auna kai, sai dai ban yarda a ɗauke shi tamkar tsani da dole kowane darasi ya hau ƙolinsa ba. Wani darasin musanyar kawai yake buƙata, kuma ta wadatar.

Gano abin da suka iya da gaske

A 2001 wani marubuci mai suna Marc Prensky ya yaɗa ra'ayin cewa yaran da aka haifa cikin zamanin na'ura 'yan asalin wannan duniyar ne, manya kuwa baƙi ne a cikinta. Maganar ta yi daɗin ji, ta kuma yi ɓarna, domin ta sa malamai da yawa suka ɗauka babu abin da za su koya wa yaron da ya fi su saurin latsa waya. Binciken ƙasa da ƙasa na ICILS na 2018, wanda ya gwada ɗalibai masu kimanin shekara 14, ya nuna kashi 2 cikin 100 ne kawai suka kai matakin ƙoli wajen nemo bayani da tantance shi da sarrafa shi.

Saboda haka ka ware darasin farko don gwaji marar maki. Ka ce kowa ya rubuta sakin layi ɗaya, ya adana shi da sunan da zai gane, ya rufe manhajar, ya sake nemo fayil ɗin, sannan ya aika maka da shi ta imel tare da jimla ɗaya ta gaisuwa da bayani. Kada ka zauna. Ka zaga tsakanin kujeru da takarda a hannu kana lura. Za ka ga wanda ke gyara bidiyo a waya kamar ƙwararre yana neman harafi da yatsa ɗaya a madannai, za ka ga wanda ya adana aikinsa amma bai san inda ya shiga ba, za ka kuma ga wadda ta yi shiru a ƙarshen aji ta gama komai tun tuni. Wannan takardar ita ce za ta gaya maka inda za ka fara da wanda za ka naɗa mataimaki.

Tubalan farko ba su da armashi, amma a kansu komai yake tsayawa. A koya wa yara buga rubutu da hannu biyu, minti 10 a farkon darasi har tsawon zango, domin gajeren atisaye mai maimaituwa ya fi dogon zama sau ɗaya. Idan harshen koyarwa yana da haruffa na musamman, irin su ƙ da ɗ da ɓ, a nuna musu yadda ake sanya madannan da ke ɗauke da su tun daga rana ta farko. A kuma kafa doka ɗaya ta sanya wa fayil suna, misali darasi, sunan ɗalibi, da kwanan wata, don kada a wayi gari da jaka cike da «sabo», «sabo 2», da «sabo na ƙarshe».

Tantance abin da aka gani

Nan ne ya kamata malami ya fi ɓata lokaci, domin nan ne ilimin na'ura ya wuce iya latse-latse. A 2016 wasu masu bincike a Jami'ar Stanford, ƙarƙashin Sam Wineburg, suka gwada ɗalibai fiye da 7,800, suka tarar sama da kashi 80 cikin 100 na 'yan ƙaramar sakandare sun ɗauki tallar da aka yi wa shigar labari a matsayin labari na gaskiya, duk da an rubuta a jikinta cewa biyan kuɗi aka yi aka sanya ta. Daga baya suka kwatanta yadda malaman tarihi na jami'a da ɗaliban jami'a da ƙwararrun masu tantance labarai ke auna shafin da ba su sani ba. Malaman da ɗaliban suka tsaya a cikin shafin suna karanta shi daga sama har ƙasa, kyan tsarinsa da tambarinsa suka ruɗi da yawa daga cikinsu. Masu tantancewar kuwa da ƙyar suke yin 'yan daƙiƙu a ciki, sai su fice su buɗe wasu shafuka suna neman abin da wasu suka faɗa game da mai shafin. Su ne suka fi saurin gano gaskiya, suka kuma fi dacewa da ita.

Darasin da ke cikin wannan shi ne a daina ba yara dogon jerin tambayoyi game da kamannin shafi, irin ko yana da kurakuran rubutu ko yana da adireshi, domin maƙaryacin da ya san aikinsa ya riga ya gyara waɗannan duka. A koya musu ɗabi'u huɗu da wani masani mai suna Mike Caulfield ya taƙaita: su dakata kafin su yarda ko su tura, su binciki wanda ke magana, su nemi wata majiya mafi inganci da ta kawo zancen, su kuma bi maganar ko hoton har tushensa na asali.

Ga yadda na taɓa gudanar da irin wannan darasin. Na haska hoton wani titi da ambaliya ta shanye, a ƙarƙashinsa an rubuta cewa jiya abin ya faru a wani birni. Na tambayi aji wa zai tura wa 'yan uwansa don su yi hattara, hannaye suka tashi kusan duka. Na ce to kafin a tura, kowane rukuni ya kawo mini dalili ɗaya da ya sa ya yarda. Aka yi ta kawo dalilai irin su hoton ya fito tangaran, ko mutane da yawa sun yaɗa shi. Can sai wata ɗaliba ta matso kusa da allo ta ce, «Malam, ai rubutun da ke jikin shagunan nan ba da harshen mutanen garin ba ne.» Daga nan muka ɗora hoton a manhajar binciken hoto, irin TinEye ko Google Lens, sai ga shi ya bayyana a wasu shafuka na shekarun baya, daga wata ƙasa dabam. Ban ce musu komai game da ƙarya ba, shirun da ajin ya yi ya isa. Abin da na lura da shi bayan haka shi ne sun koma zargin kowane hoto, har na gaskiya, wanda shi ma wata cuta ce. Don haka a darasi na gaba na kawo labarai uku, biyu daga ciki sahihai, domin su san cewa manufar bincike ita ce a gano abin yarda, ba a ƙi yarda da komai ba.

Game da Wikipedia, ina ganin malaman da ke haramta ta gaba ɗaya suna kuskure. Wurin farawa ce mai kyau ga wanda yake so ya san ko wace ce wata ƙungiya cikin minti ɗaya. A nuna wa ɗalibi yadda zai gangara ƙasan maƙala ya duba majiyoyin da aka dogara da su, da yadda zai buɗe tarihin gyare-gyare ya ga cewa mutane ne ke rubutawa suna gardama. Haka nan a koya masa cewa sakamakon farko a shafin bincike sau da yawa talla ce, kuma sanya jimla tsakanin alamomin zance yana sa a nemo ta daidai yadda take.

Tsare kai da tsare wasu

Kalmar sirri mai tsawo, wadda aka haɗa daga kalmomi huɗu ko biyar marasa alaƙa, ta fi gajeriya mai cike da alamomi ƙarfi da sauƙin tunawa, kuma bai kamata a yi amfani da guda ɗaya a wurare biyu ba. Ga manyan ɗalibai, a nuna musu yadda ake kunna tabbatarwa ta mataki biyu, wato neman wata lamba ta musamman bayan kalmar sirri kafin a shiga asusu, a kuma nanata cewa lambar da ke shigowa waya ba a karanta wa kowa ita, ko da ya ce daga kamfanin yake. Hanya mafi inganci ta koyar da damfara ita ce a kawo saƙon damfara na gaske, a goge sunaye da lambobi, a bar su su feɗe shi da kansu: ina gaggawar da aka cusa, ina alƙawarin da ya wuce hankali, me ya bambanta adireshin da na asali.

Yawancin manyan shafukan sada zumunta sun sanya shekara 13 a matsayin mafi ƙarancin shekarun buɗe asusu, abin da ya samo asali daga wata dokar Amurka ta 1998 kan kare bayanan yara. Malami bai kamata ya ba da jingar da za ta tilasta wa ƙaramin yaro yin ƙaryar shekaru ba. Shi ma malamin akwai nauyi a kansa, kada ya ɗora hotunan ɗalibai ko makinsu a ko'ina ba da izinin iyaye da hukumar makaranta ba, kuma kafin ya yi musu rajista a wata manhaja ya duba irin bayanan da take tattarawa.

Abu guda da nake ganin ya fi duk waɗannan shi ne alƙawarin da za ka yi wa aji cewa duk wanda ya ci karo da abin da ya tsorata shi, ko wani ya ci zarafinsa, ko ya latsa abin da bai kamata ba, zai iya faɗa maka ba tare da an hukunta shi ba. Yaron da ke tsoron a ƙwace masa waya zai ɓoye matsala har ta girma.

Tafiyar da ajin

Na taɓa shiga aji da darasin da na kwana ina shiryawa, majigi ya ƙi karɓar kwamfutata, na duƙufa ina cire waya ina mayarwa har kwata na sa'a ya tafi, aji ya kaure da surutu. Tun daga ranar ba na fafe gora ranar tafiya: ina gwada komai a ɗakin da za a yi darasin, ina sauke bidiyo da shafuka tun kafin lokaci, ina kuma riƙe da aikin takarda da zai cim ma manufa ɗaya. Idan na'ura ta ƙi cikin minti 3, sai in koma takarda.

Ka yi bayani allunan suna rufe ko a kife, domin babu muryar malamin da ke iya gasa da allo mai haske. Ka zaɓi alama ɗaya da kowa ya san tana nufin a ɗage hannu daga na'ura a dubo gaba. Idan da hali, a jera kujeru yadda za ka riƙa ganin allunan daga inda kake tsaye. Game da wayoyin ɗalibai, rahoton UNESCO na 2023 kan fasaha a fannin ilimi ya yi gargaɗi cewa kasancewar waya kusa da ɗalibi kaɗai yana raba masa hankali, don haka ta fito lokacin da darasi ya kira ta, ta koma jaka idan an gama.

Ƙarancin na'urori ba ya hana aiki. Ɗalibai uku a kan kwamfuta ɗaya sukan fi mutum ɗaya koyo, muddin an raba musu aiki: ɗaya na riƙe da madannai, ɗaya na karanta umarni, ɗaya na rubuta abin da aka gano, sannan a yi musanya duk bayan minti 10. Idan ba a tilasta musanyar ba, mafi ƙarfin hali zai kankane na'urar, kuma sau da yawa 'yan mata da masu kunya ne ke komawa 'yan kallo. Inda intanet ba ta da tabbas, manhajar Kiwix tana adana Wikipedia sukutum a kan na'ura, Kolibri kuma tana raba darussa tsakanin na'urorin aji ba tare da an hau intanet ba. Wasu darussan ma ba sa buƙatar lantarki. Katuna biyar masu ɗigo 1, 2, 4, 8 da 16, irin waɗanda Tim Bell da abokan aikinsa suka yaɗa daga Jami'ar Canterbury ta New Zealand, sun isa a nuna yadda kwamfuta ke ƙirga kowace lamba daga 0 zuwa 31 da kifewa da buɗewa kawai.

Daga kallo zuwa ƙirƙira

Seymour Papert, wanda yana cikin waɗanda suka ƙirƙiro Logo, harshen ba kwamfuta umarni, a 1967, ya dage cewa yaro ne ya kamata ya riƙa ba kwamfuta umarni, maimakon ita ta riƙa juya shi. Manhajar Scratch ta koya wa yara ba kwamfuta umarni, wadda jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2007, jikanyar wannan tunanin ce, kyauta ce, kuma tana aiki ko babu intanet. Ka sa su zana murabba'i: a maimaita sau 4, a yi taku 100, a juya digiri 90. Sannan ka ce su zana alwatika mai ɓangarori daidai. Akasarinsu za su sa 60, tunda sun haddace cewa kowace kusurwa 60 ce, sai zanen ya ƙi rufuwa. Kada ka ba su amsa. Ka sa ɗaya ya tashi ya taka alwatikar a ƙasa da ƙafarsa, zai ji a jikinsa cewa juyin da yake yi ya fi haka, har su kai ga 120. A nan sun koyi kusurwar waje, sun kuma koyi cewa kuskure abin bincike ne.

Duk aikin da suka ƙirƙira, ko hoto suka ɗauko ko waƙa, su rubuta inda suka samo shi, a kuma nuna musu lasisin Creative Commons da ke fayyace abin da mai aiki ya yarda a yi da aikinsa.

Ƙirƙirarriyar basira

Tun da ChatGPT, manhajar da ke amsa tambaya da tsara rubutu kamar mutum, ya fito a Nuwambar 2022, jingar da ake cewa a je gida a rubuto shafi biyu ta rasa ƙarfinta na auna ɗalibi. A 2023 UNESCO ta ba da shawarar kada a bar yaran da ba su kai shekara 13 ba su yi amfani da irin waɗannan manhajoji a aji. Ga waɗanda suka haura, ka bayyana musu cewa manhajar tana harhaɗa kalmomin da suka fi dacewa su biyo juna ne, shi ya sa takan ƙago suna ko shekara ko littafi ta faɗe su da cikakken tabbaci. Ka tambaye ta a gabansu game da batun da suka riga suka sani sarai, ka buga amsar a takarda, ka ba su jan biro su yi mata gyara. Kada ka dogara da manhajojin da ke da'awar gano rubutun na'ura, domin suna kuskure, kuma zargin ɗalibi mai gaskiya tabo ne mai wuyar gogewa. Gara ka nemi daftarin farko da na biyu, ka kuma ware minti 2 ɗalibi ya kare aikinsa da baki.

Auna ci gaba

Jarrabawar da ke tambayar ma'anar kwamfuta da sunayen sassanta ba ta auna komai daga abin da aka ambata a sama. A ƙarshen zango ka maimaita gwajin ranar farko, ka ƙara masa abu ɗaya: ka ba kowane ɗalibi wata da'awa da ba ta taɓa zuwa aji ba, ya yanke hukunci a kanta cikin minti 15, ya rubuta shafukan da ya buɗe da dalilin buɗe kowanne. Ka ba da mafi yawan maki ga hanyar da ya bi, domin mai yin dace da amsa ta hanyar zato bai kai wanda ya bi sawu ya tsaya a kan cewa hujjar ba ta isa ba.

Kai ma ka ajiye littafi ɗaya, bayan kowane darasi ka rubuta layi uku: abin da ka yi niyya, abin da ya faru, da mintunan da na'ura ta cinye. Idan zango ya ƙare ka zauna da wani abokin aiki mai koyar da wani fanni ku duba shi tare, ku soke darussan da takarda za ta fi yi da kyau, ku zaɓi guda biyu ko uku da na'ura ta yi rawar gani a cikinsu ya gwada su a nasa ajin zango mai zuwa.